Ku Tambaya, Mu Amsa: Fasfon Kaka da Fasfon Jika

Wasiƙun da suka taru mana wannan karo kusan duk a kan fasfo suke, da tsohuwar tambayar nan da ba ta barin zango: wane ne ɗan Gana a idon doka? Mun zaɓi shida, mun rage musu tsawo, mun kuma ɓoye sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Daga wani mai karatu a Aboabo, Kumasi

*Assalamu alaikum. Muna gyaran ɗakin marigayi kakanmu sai muka tarar da fasfo biyu a ƙasan adaka, naɗe cikin tsohon rawani, duka na 1954. Ɗaya nasa ne, an rubuta masa British Protected Person. Ɗayan na ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi kuma an rubuta masa British Subject. Kaka a Yendi aka haife shi, ƙanen a nan Kumasi. Me ya raba su? Kuma wannan takarda za ta iya sama mana fasfon Ingila?*

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya raba su shi ne ƙasar da cibiyar kowannensu ta faɗi. Gwalkwas, wato Gana ta zamanin Turawa, gwamna ɗaya ke mulkinta daga Ankara (Accra), amma a doka yanki huɗu ce, kowane da matsayinsa.

Bakin teku, wato Ankara da Kef Kos da Sekondi da kewaye, ƙasar mallaka ce tun 1874. Ƙasar Asante, wadda kakanninmu ke ce wa ƙasar Tonawa, Ingila ta haɗiye ta bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, ta zama mallakarta daga 1 ga Janairu 1902. Duk wanda aka haifa a waɗannan biyun talakan Sarkin Ingila ne tun daga ranar haihuwa, ko daga ina iyayensa suka zo. Ƙanen kakanka ke nan. Arewa kuwa, su Tamale da Salaga da Wa da Gambaga, ba a mallake ta ba a takarda, an ce tana ƙarƙashin kariya ne bisa yarjejeniya da sarakunanta. Sai na huɗu, wani siririn yanki a gabas da ya haɗa da Yendi da Bimbila da Kete Krachi da Ho. Wannan na Jamus ne har yaƙin 1914, daga baya aka ba Ingila riƙon amanarsa, kuma sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a watan Mayu 1956 ya shigo cikin Gana. Haifaffen arewa da haifaffen yankin amana ba talakawan Sarki ba ne, mutane ne da Ingila ta ɗauki nauyin kare su. Kakanka ke nan.

Wannan rabo har gida ya bi mu. Kano da Katsina da Sakkwato ƙasar kariya ce, don haka falken da ya taso daga Kano da matsayin kakanka ya iso Kumasi. Wanda ya taso daga Ikko talakan Sarki ne. Wanda ya fito daga Damagaram ko Doso ko Wagadugu talakan Faransa ne, baƙo a doka, ko da a masallaci ɗaya suke sahu. A rayuwar yau da kullum ba wanda ya damu da wannan. Masu fataucin goro da shanu mafi yawansu ba su taɓa riƙe fasfo ba. Sai mai niyyar hajji ko karatu ko shiga jirgin ruwa ke zuwa neman takarda, a ba shi da sunan gwamna, ya biya da fam da sule, a nan ne ya kan fara jin sunan da Turawa suka sa masa. Idan ka duba fasfon ƙanen da kyau, za ka ga an ƙara da Citizen of the United Kingdom and Colonies. Wannan lafazi dokar Ingila ta 1948 ce ta kawo shi, ta fara aiki 1 ga Janairu 1949.

Batun fasfon Ingila kuwa, ka cire rai. Da Gana ta samu 'yanci ta yi dokar zama ɗan ƙasa a 1957, duk wanda ya zama ɗan Gana ya rabu da kariyar Ingila, talakawan Sarki su ma dokar Ingila ta 1958 ta sauke musu wancan matsayi. Bizar nan da ake ce wa ta zuriya, wadda jika ke samu saboda kakansa, sharaɗinta a haifi kakan a cikin Birtaniya kanta ko tsibiranta na kusa. Haihuwa a Kumasi ko Yendi ba ta shiga. Duk wanda ya karɓi kuɗinka ya ce zai bi maka wannan hanya, cin kuɗinka zai yi.

Akwai 'yar ƙofa guda, ita ma ba taku ba ce. Wanda aka haifa a Kumasi ko Ankara kafin 'yanci, amma iyayensa da kakanninsa duk haifaffun ƙasar Faransa ne, bai zama ɗan Gana a 1957 ba, don haka tsohon matsayinsa bai faɗi ba. A 1983 aka sake wa irinsu suna British Overseas Citizen. Matsayin ba ya ba mutum izinin zama a Ingila, kuma a ƙa'ida ba ya gangarowa ga 'ya'ya.

Amma kada ku yar da fasfon nan. Shafin da aka rubuta "Yendi" a gurbin wurin haihuwa ya fi komai daraja a cikin adakar, domin hujja ce ta hukuma cewa an haifi kakanku a ƙasar da yau ake kira Gana. Ku ɗauki hoton kowane shafi, ku sa shi a leda mai kauri nesa da laima da gara. Kada ku kai shi a manne shi da roba mai zafi, yin haka kan lalata hatimi ya sa a yi shakkar takardar. Amsa ta gaba za ta nuna muku amfaninsa.

Daga wata Hajiya a Nima, Ankara

*Ɗana haifaffen 1998 ne, a nan Nima. Ya je neman fasfo a wani ofishi, da aka ga sunansa aka tambaye shi garinsu, ya ce Nima, aka ce Nima ba garin kowa ba ne, ya je ya kawo hujja. Yana da takardar haihuwa. Mahaifinsa a Nima aka haife shi a 1966, ni ma a nan aka haife ni. Kakansa na wajen uba daga Sakkwato ya zo. Me kuma ake so mu kawo?*

Hajiya, Allah ya ba da haƙuri. Maganar cewa Nima ba garin kowa ba ne ba ta cikin doka. Dokar zama ɗan ƙasa ta 2000, mai lamba 591, ba ta ambaci ƙabila ba, ba ta ambaci harshe ko addini ko garin asali ba. Bahaushe da Bazabarme da Bafulatani duk suna iya zama 'yan Gana ta haihuwa. Sai dai akwai abin da mutanenmu da yawa ba su so su ji: haihuwa a Gana ita kaɗai ba ta mai da mutum ɗan Gana. Kotun Ƙoli ta faɗa a 2020 cewa takardar haihuwa ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce. Tana nuna ranar da wurin da aka haife ka da sunan iyayenka, shi ke nan.

Dokar ta bi ranar haihuwa ne, ta kasa mutane kashi biyar.

Wanda aka haifa a Gana kafin 6 ga Maris 1957 ɗan ƙasa ne idan an haifi ɗaya daga iyayensa ko ɗaya daga kakanninsa a Gana.

Wanda aka haifa daga 6 ga Maris 1957 zuwa kafin 22 ga Agusta 1969, ana so a ce an haifi uwarsa ko ubansa a Gana, sannan an haifi ɗaya daga kakanninsa ko kakannin iyayensa a Gana. In kuwa a Gana aka haife shi amma iyayen duka haifaffun waje ne, kaka ɗaya haifaffen Gana ya wadatar.

Daga 22 ga Agusta 1969 zuwa kafin 24 ga Satumba 1979, sai uwa ko uba ya kasance ɗan ƙasa a ranar da aka haifi yaron.

Daga 24 ga Satumba 1979 zuwa kafin 7 ga Janairu 1993, wanda aka haifa a Gana ya samu ta uwa ko uba ko kaka ɗaya ɗan ƙasa.

Daga 7 ga Janairu 1993 zuwa yau, uwa ko uba ko kaka ɗaya ɗan ƙasa ya isa, ko a ina aka haifi yaron.

Ki lura da inda maganar ta juya. Kafin 1969 tambayar ita ce "a ina aka haifi iyayenka?" Daga 1969 ta koma "iyayenka 'yan ƙasa ne?" Shi ya sa gida zai iya yin zuriya huɗu a zango, kowa haifaffen nan, amma idan ba a samu mutum ɗaya a sama da ya cika sharaɗi ba, baƙuncin ya yi ta gangarowa kamar gado. A ganinmu wannan rauni ne a dokar, domin tana barin mutanen da ba su san wata ƙasa ba a rataye. Amma ita ce dokar da ake aiki da ita.

To bari mu auna ɗanki. Yana kashi na biyar, mutum ɗaya yake bukata cikin shida: ke, mahaifinsa, da kakanni huɗu. Mahaifinsa na kashi na biyu. Uban mahaifin daga Sakkwato ya zo, wannan reshe ya rufe. Saura uwar mahaifin. Idan a Gana aka haife ta, kuma an haifi uwarta ko ubanta ko wani kakanta a Gana, mijinki ɗan ƙasa ne, ɗanki ma haka. Idan wannan bai yi ba, a juyo kanki, a bi iyayenki da kakanninki da ma'auni ɗaya. Mun ga mutane suna ta fama da reshen uba saboda al'adarmu ta jingina ɗa ga ubansa, alhali hujjar tana wajen mata. Fatake da sojojin da suka zo daga Hausa da yawa a nan suka yi aure, suka auri haifaffun Salaga da Kintampo da Atebubu da Ejura, ko 'yan Dagwamba da Gwanja da Ga. Kaka mace ɗaya irin wannan ta ɗauke gida gaba ɗaya.

Idan kun gano mutumin, sai a tara takardunsa: tsohon fasfo, Ghana Card (katin shaidar ɗan ƙasa) ko katin zaɓe, takardar gama makaranta, littafin sallama daga soja ko ɗan sanda, takardun fansho, takardar fili ko gida mai ɗauke da tsohuwar shekara. A haɗa da takardun haihuwa da ke nuna sarƙar, daga kaka zuwa uba zuwa ɗa. Idan kakar na raye, a je da ita. Idan ta rasu, babban dangi da ya san ta ya yi takardar rantsuwa gaban kwamishinan rantsuwa, ya faɗi inda aka haife ta da sunan iyayenta. Wasiƙar Sarkin Zango ko ta limami tana ƙarfafa magana, amma ita kaɗai ba ta mai da kowa ɗan ƙasa.

Abu ɗaya muke roƙo: kada a ara wa yaron gari. Wasu kan ba da shawara a rubuta Tamale ko Bawku don a huta. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Za a tambaye shi unguwarsu a can da sunan gidansu, a yi masa magana da Dagbani ya yi shiru, daga nan fayil ɗin ya tafi bincike, kuma ba da bayanin ƙarya a takardar fasfo laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa. In an tara hujja ta gaskiya aka ci gaba da jan ƙafa, ku nemi ganin shugaban wurin, ku sa ƙorafinku a rubuce. Dokar 591 ta kuma ba Ministan Cikin Gida ikon ba da takardar shaidar zama ɗan ƙasa ga wanda ake shakka a kansa.

Daga wani ɗan kasuwa a Alabar, Kumasi

*Wani ya ce in ba shi sidi 1,500 ya fito mini da fasfo cikin mako guda. Nawa ne ainihin kuɗin gwamnati, kuma ta ina ake farawa? Ina son zuwa Umra.*

Alhaji, mutumin nan cikin waɗanda duk Gana ke kira goro boys yake. Sunan ma daga goronmu aka samo shi, abin takaici. Ba ka bukatarsa.

Shekaru da dama fasfo mai shafi 32 sidi 100 ne, mai shafi 48 sidi 150. Daga 1 ga Afrilu 2024 aka ɗaga mai shafi 32 zuwa sidi 500, mai shafi 48 zuwa 644, na gaggawa kuma 700 da 800. Hujjar da ministar harkokin waje ta lokacin, Shirley Ayorkor Botchwey, ta kawo ita ce buga littafi ɗaya na cin sidi 400, gwamnati ke cika ragowar, kuma tunda Ghana Card ta samu ba kowa ke bukatar fasfo don shaida ba sai matafiyi. Jama'a ba su gamsu ba, ninki biyar a tashi ɗaya ba wasa ba ne. Gwamnatin da ta biyo baya, ta bakin minista Samuel Okudzeto Ablakwa, ta rage mai shafi 32 zuwa sidi 350 a watan Nuwamba 2025. Ma'aikaci ba ya ƙara ko rage wannan kuɗi da kansa, sai ya bi ta majalisa. Kuma kuɗin ɗaya ne ga kowane ɗan ƙasa, babu farashin zango daban. Adadin da shafin ma'aikatar ya nuna maka ranar biya, shi ne za ka biya.

Ana farawa ne a shafin intanet na fasfo na Ma'aikatar Harkokin Waje. Ka buɗe rajista da lambar wayarka ta kanka, kada ka yarda mai shagon kwamfuta ya sa tasa, domin duk saƙon da zai biyo baya can zai tafi. Ka zaɓi irin fasfon, ka biya ta MoMo ko katin banki, ka cike fom, ka zaɓi cibiya da rana. Akwai cibiya a nan Kumasi, ba sai ka je Ankara ba. Ranar zuwa ka riƙe fom ɗin da ka buga, da Ghana Card, da takardar haihuwa ta asali, da tsohon fasfo in kana da shi, da bayanan masu tsaya maka mutum biyu 'yan ƙasa. Za a duba takardu, a yi maka tambayoyi, a ɗauki hoto da zanen yatsu da sa hannu. Fasfon yanzu mai ƙwayar na'ura ne a ciki, kuma tun 2019 na manya shekara 10 yake yi a maimakon 5.

Inda aka fi faɗuwa shi ne suna. Mutum ɗaya Mohammed ne a Ghana Card, Muhammad a takardar haihuwa, Mahama a takardar makaranta. Abubakar ya zama Bukari, Isa ya zama Issah, ko a juya sunan uba ya koma gaba. Ranar haihuwa ma haka, musamman ga waɗanda aka yi wa ƙiyasi. Na'ura ba ta san duk mutum ɗaya ba ne. Ka jera takardunka a tabarma tun kafin ka biya, ka karanta su harafi harafi. In sun saɓa, a gyara tukuna: takardar rantsuwa, in canjin suna ne a buga a Gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, sannan a gyara a hukumar Ghana Card. Na biyu sana'a. Duk wanda ya rubuta injiniya ko malamin asibiti za a nemi takardar shaida, don haka ɗan kasuwa ya rubuta ɗan kasuwa. Ga mata, hijabi ba ya hana hoto muddin fuska a buɗe take daga goshi zuwa haɓa, amma lalle mai duhu a kan yatsu kan sa na'ura ta ƙi ɗauka, a bari ya kwana biyu ya dushe. In fasfo ɓata ya yi, sai da rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa.

Haɗarin ɗan goro ya wuce asarar kuɗi. Don ya yi sauri ya kan cike maka fom da abin da ya ga dama, ya haɗa da takardar haihuwa ta jabu, kuma da zarar zanen yatsunka ya hau kan wannan bayani, kai za ka yi shekaru kana warwarewa. Sauri ya haifi nawa. Tunda Umra ce, ka tuna Saudiyya na son fasfo ya rage masa aƙalla wata 6 kafin ya ƙare.

Daga wani dattijo a Fagge, Kano

*An haife ni a Kumasi a 1960. Mahaifina Bakano ne, mahaifiyata haifaffiyar Kumasi ce, uwarta kuma 'yar Ejura. A 1969 muka taso gaba ɗaya. Yau fasfon Nijeriya nake riƙe da shi, amma ina so in koma in ƙarasa kwanana kusa da dangin uwata. Ni baƙo ne a can?*

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Abin da ya taso ku shi ne umarnin gwamnatin Busia na 18 ga Nuwamba 1969, wanda ya ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Mutane fiye da dubu ɗari suka bar ƙasar, aka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, kuma cikin masu tafiyar akwai da yawa da doka ba ta kora ba, sun bi mazajensu da iyayensu ne, ko tsoro ya kore su. Tun kafin nan ma an ɗanɗana. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Lardan zuwa Nijeriya. Sun kai ƙara suna cewa su 'yan Gana ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu ta kashe shari'ar kafin kotu ta yanke.

A lissafin da kuka bayar, Baba, ku ɗan Gana ne ta haihuwa. Kuna kashi na biyu: an haifi mahaifiyarku a Gana, an haifi uwarta a Gana. Ta wajen uba kuma ku ɗan Nijeriya ne. Matsalar da za ta iya tasowa ita ce a da dokar Gana ba ta yarda babba ya riƙe ƙasa biyu ba, sai gyaran tsarin mulki na 1996 ya buɗe ƙofar. Wanda ya rasa matsayinsa saboda waccan tsohuwar doka yana iya neman Ministan Cikin Gida ya ba shi takardar shaidar zama ɗan ƙasa, ta fara aiki daga ranar da aka bayar. Nijeriya ma ba ta hana ɗanta na haihuwa riƙe wata ƙasa ba, don haka ba sai kun ajiye koren fasfonku ba.

Ku fara da dangin uwa a Kumasi da Ejura tun masu shaida na raye. Ghana Card ɗin 'yan uwan mahaifiya, da rantsuwar babba a cikinsu, da duk wata takardar makaranta ko ta asibiti mai sunanku kafin 1969. Kada ku je ku yi Ghana Card a ɓoye kuna musun fasfon Nijeriya. Ku bi ta ma'aikatar a fili. Mai ƙasa biyu ba ya zama ɗan majalisa ko jakada ko sufeton 'yan sanda, amma ba mu jin wannan zai hana ku barci.

Daga wata baiwar Allah a Sabon Zango, Ankara

*Ni 'yar Maraɗi ce, mijina ɗan Gana, shekararmu 12 da aure, 'ya'ya huɗu. Na zama 'yar Gana?*

'Yar uwa, 'ya'yanki 'yan Gana ne ta ubansu. Ke kuwa aure bai mai da ke ba, ya dai ba ki damar neman rajista a Ma'aikatar Cikin Gida. Abin da ke tsayar da mata irinki shi ne shaidar aure. An ɗaura a masallaci, an raba goro da dabino, ba a rubuta ko'ina ba. Dokar auren Musulmi ta Gana, wadda ta samo asali tun 1907, ta ce a yi rajista cikin mako guda da ɗaurin aure ta hannun limami mai lasisi, kuma kaɗan ne ke yi. Ku je wurin magatakardan aure ko lauya a daidaita wannan tukuna. Kafin nan ki riƙe fasfonki na Nijar da izinin zama da katin baƙi, kada ki karɓi Ghana Card ta 'yan ƙasa ko da wani ya ce zai tsaya miki.

Daga wani mai sayar da yadi a Asawase, Kumasi

*Na auna kaina da dokar, ban shiga ba. Iyayena da kakannina duk daga Doso suke, ni kaɗai aka haifa a nan a 1972. Shi ke nan ba ni da hanya?*

Akwai hanya, Malam, ita ce neman zama ɗan ƙasa ta roƙo, kuma gara ka bi ta tun yanzu domin 'ya'yan da za ka haifa bayan ka samu, da jikokinka, su huta. In matarka 'yar ƙasa ce, 'ya'yanku sun riga sun samu ta wajenta, kai ma kana iya bin hanyar rajistar aure.

Sharuɗɗan roƙon su ne ka zauna a Gana wata 12 a jere kafin ranar nema, sannan cikin shekara 7 da suka gabaci waɗannan watanni ka yi aƙalla shekara 5 a ƙasar. Mutum biyu 'yan Gana, lauyoyi ko manyan ma'aikatan gwamnati, su shaidi halinka a rubuce. Kada a taɓa yanke maka hukuncin ɗauri, a Gana ko a wata ƙasa, kan laifin da dokar Gana ta sani. Ka nuna kana da abin da kake ƙara wa ƙasa, a nan takardun harajin shagonka da rajistar kasuwanci za su yi maka magana. Kuma ka kasance da izinin zama mai rai a ranar nema. Wannan na ƙarshe shi ke kayar da haifaffun nan, domin mutum bai taɓa ɗaukar kansa baƙo ba balle ya nemi izini. Sai ka fara samun fasfon Nijar ta ofishin jakadancinsu a Ankara, ka yi katin baƙi, ka nemi izinin zama a hukumar shige da fice, sannan ka sayi fom a Ma'aikatar Cikin Gida.

Dokar ta kuma ce mai nema ya iya magana da wani harshen asali na Gana. Hausa ta daɗe a gidan rediyon ƙasa, ana ciniki da ita a kasuwar Kumasi, amma ba ta cikin harsuna 11 da Hukumar Harsunan Gana ke buga littattafai da su. Kada ka dogara da ita kaɗai ranar ganawa. Kai da ka tashi a Asawase ba ka rasa Tuwi, harshen Asante, da shi za ka amsa in an tambaye ka.